Laifin Ɗalibi Ko Na Darasi?

Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san ranar da ta fi kowace rana nauyi a cikin shekara, watau ranar da ake liƙa sakamakon jarrabawa. Idan ɗalibi ɗaya ya faɗi cikin ashirin, sai a ce lalaci ne ya kayar da shi, a wuce wurin. Idan biyar suka faɗi, a ce yaran bana ba su kai na bara himma ba. Amma fa idan rabin aji ya faɗi bara waccan, ya faɗi bara, ya kuma faɗi bana, alhali kuwa waɗannan yaran suna cin sauran jarrabawoyinsu lami lafiya, to, magana ta wuce kan ɗalibi, ta zo ta tsaya a ƙofar malami. Da yawa sukan kau da kai idan ta zo nan, gama tuhumar kai ba daɗi gare ta ba. Wannan labarin wani malami ne da ya tsaya ya dube ta.

Sunansa Mark Guzdial, mutumin Amurka ne, ya kuma kama aikin koyarwa a shekarar 1993 a wata babbar jami'ar fasaha da ke birnin Atlanta cikin Jihar Jojiya, wadda aka fi sani da Georgia Tech. Digirinsa na uku ya haɗa fannoni biyu, ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa da ilmin koyarwa. Saboda haka idan ya shiga aji, ido ɗaya yana kan na'ura, ɗaya kuwa yana kan mai koyon ta, abin da ba kowane gwanin kwamfuta ne ya samu ba.

A shekarar 1999 jami'ar ta kafa doka cewa kowane ɗalibi, ko mene ne fanninsa, sai ya yi kwas ɗaya na koyon rubuta wa kwamfuta umarni kafin a ba shi digiri. Ra'ayin ba sabo ba ne. Tun a 1961 wani shaihin malami mai suna Alan Perlis ya yi kira da a koya wa dukan ɗaliban jami'a wannan ilmi, don a ganinsa hanya ce ta koyon tunani a kan yadda abubuwa ke gudana mataki bayan mataki. Niyya dai kyakkyawa ce. Sai dai kwas guda aka tanada domin kowa da kowa: mai son zama injiniya, da mai karatun zanen gine-gine, da mai nazarin tarihi, da mai koyon harkar gudanarwa, duk aka zuba su cikin kwando ɗaya. Idan aka dubi jimillar waɗanda ke cin jarrabawar, sai a ga kamar babu laifi. Da aka rarrabe su fanni-fanni kuwa, sai ta bayyana cewa a wasu fannoni, kamar zanen gine-gine da harkar gudanarwa, waɗanda ke tsallakewa ba su kai rabi ba. Sauran ko dai su faɗi, ko su janye tun zango bai ƙare ba, su dawo baɗi su sake gwadawa, ga kuɗin makaranta yana tafiya, ga digiri a rataye. A farkon shekarar 2002 ma sai da jaridun ƙasar suka ɗauki labarin cewa jami'ar tana binciken ɗalibai 187 bisa zargin kwafar aikin juna a darussan farko na kwamfuta.

Don a gane inda gizo ke saƙa, sai mai karatu ya ɗauki misalin yarinyar da ta zo jami'a domin ta koyi zanen gine-gine. Tun tana ƙarama hannunta ya saba da fensir, idonta ya san inda haske ke faɗawa a jikin bango. An zaunar da ita gaban na'ura, an ce ta rubuta umarnin da zai jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, ko ya juya awon zafi daga wani ma'auni zuwa wani, irin ayyukan da aka saba bai wa masu fara wannan karatu a ko'ina. Ta kwana tana fama, na'ura tana ƙin karɓa saboda waƙafi ɗaya da ta manta. Da asuba abin ya yi, sai ga lamba guda ta fito a fuskar na'ura. Ba ta da wanda za ta nuna wa wannan lamba, ita kanta ba ta bukatar ta. An ce mata amfanin yana gaba, ta yi haƙuri. To, amma ita kwas ɗaya tak za ta yi a duk zamanta na jami'a, saboda haka gaban da ake faɗa ba za ta taɓa isa gare shi ba. Kamar a kai yaro wurin tela ne, a hana shi taɓa yadi shekara guda, a ce ya yi ta zura zare cikin allura yana zarewa, sa'an nan a sallame shi a ce ya koyi ɗinki. Telan kirki kuwa tun a watan farko yake miƙa wa yaronsa maɓalli ya ɗinka, yaro ya ga mai riga ya sa ta ya fita kasuwa da aikin hannunsa.

Abin da Guzdial da abokan aikinsa suka yi shi ne suka koma suka tambayi waɗannan ɗalibai, da malaman fannoninsu, me suke yi da kwamfuta a rayuwarsu. Amsar ba ɓoyayya ba ce: suna gyara hotuna da ita, suna sauraron kiɗa, suna rubutu, suna aika wa juna saƙo. Watau a wurinsu kwamfuta kayan isar da magana ce kafin ta zama kayan lissafi. Tun da haka ne, sai ya shirya sabon kwas a kan waɗannan abubuwa, ya sa masa suna Media Computation, ma'ana sarrafa hoto da sauti da majigi ta hanyar umarnin da ɗalibi ya rubuta da hannunsa. An fara shi a farkon shekarar 2003 da ɗalibai 120, wajen kashi biyu cikin uku mata ne. Harshen da aka zaɓa na yi wa na'ura magana shi ne Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991, saboda rubutunsa ba shi da yawan ƙa'idodin da ke tuntuɓe da sabon shiga.

Darasin farko da ake buɗe wa ɗalibi ido da shi shi ne cewa hoton da ke cikin na'ura ɗige-ɗige ne ƙanana, an jera su sahu-sahu kamar yadda mai ɗinkin hula ke ƙirga gidaje yana cike su da zare ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗigo lambobi uku ke riƙe da shi: ta ja, da ta kore, da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Idan duka ukun suka zama 0, ɗigon baƙi ne. Idan duka suka kai 255, fari ne fat. Idan ja da kore suka cika, shuɗi ya koma 0, sai a sami rawaya, abin da kan ba mai zane mamaki, domin haɗa haske daban yake da haɗa fenti. Daga waɗannan lambobi uku ake samun launi iri 16,777,216. Hoto ɗan madaidaici mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 307,200, watau lambobi 921,600.

Sa'an nan sai a ce wa yarinyar nan ta kawo hoton da take so, nata ko na gidansu, ta rage jan da ke cikinsa da rabi. Nan take za ta ga cewa ba mai iya bin ɗigo dubu ɗari uku da hannu yana gyarawa. Dole ta nemi hanyar da za ta ce wa na'ura: je ki kan kowane ɗigo, ki karanta lambar ja, ki raba ta biyu, ki mayar. Wannan shi ne umarnin maimaitawa, ginshiƙin da ɗalibai da dama ke karyewa a kansa a tsohon tsari. A nan kuwa ita ce ta nemi shi da kanta, don bukata ta kama ta. Layi huɗu ko biyar za ta rubuta, ta danna, hoto ya sauya a gaban idonta. Daga nan hanya ta buɗe. Idan ta debe kowace lamba daga 255, hoto ya juye kamar fim ɗin da masu hoto na da ke wankewa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Idan ta tara lambobi ukun ta raba uku, ta ba su duka abin da ya fito, hoto mai launi ya koma fari da baƙi. Idan ta rage kore da shuɗi kaɗan, tsakar rana ta koma kamar almuru. Idan kuma ta ce wa na'ura duk ɗigon da shuɗinsa ya rinjayi sauran a maye gurbinsa da na wani hoto, to, ta gano asirin mai karanta hasashen yanayi a talabijin, wanda ke tsaye gaban labule mai launi ɗaya amma ana ganin taswira a bayansa. A nan ta koyi umarnin sharaɗi, watau idan kaza ne a yi kaza, ba tare da an tsorata ta da sunansa ba.

Bayan hoto sai sauti. Sauti dai motsin iska ne, kamar yadda fatar ganga ke karkarwa ta tura iskar da ke gabanta har ta iso kunne. Na'ura tana auna wannan motsi sau dubbai cikin daƙiƙa guda, tana ajiye kowane awo da lamba. A faifan CD sau 44,100 ake aunawa a daƙiƙa, kowane awo kuma yana tsakanin 32,768 ƙasa da sifiri da 32,767 sama da shi. Dalilin wannan yawa shi ne kunnen ɗan Adam yana jin karkarwar da ta kai wajen 20,000 a daƙiƙa, ƙa'ida kuwa ita ce sai an auna fiye da ninki biyu na abin da ake son kamawa. Ɗalibi zai ɗauki muryarsa yana faɗin sunansa, ya ninka kowace lamba biyu, murya ta ƙara ƙarfi. Ya jera lambobin daga ƙarshe zuwa farko, ya ji kansa yana magana da baya-baya, aji ya fashe da dariya. Ya ɗauki awo ɗaya ya tsallake ɗaya, murya ta siranta ta yi sauri kamar ta ƙaramin yaro. Ya maimaita kowane awo sau biyu, ta yi kauri ta ja jiki, irin ta rediyon kaset da batirinsa ya yi sanyi.

A wannan gaɓa ce kwas ɗin ke kai ɗalibi inda aka nufa tun farko. Umarnin da ya siranta murya, watau ɗauki ɗaya tsallake ɗaya, shi ne dai wanda aka yi amfani da shi makonnin baya aka rage girman hoto da rabi. Wanda ya juya magana baya-baya ɗan'uwan wanda ya juya hoto ne kamar a madubi. Wanda ke haɗa muryoyi biyu su fito tare, shi ke narka hoto cikin hoto. Ido da kunne sun ɗauka abubuwa biyu ne, amma a wurin na'ura duk jerin lambobi ne, dabara ɗaya kuma tana aiki a kan kowanne. Wannan tsararriyar dabara mai bin mataki bayan mataki ita ce zuciyar ilmin kwamfuta, sunan da Turawa ke kiran ta da shi ma daga sunan Al-Khawarizmi aka samo shi, masanin lissafin nan da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ana iya yi wa ɗalibi bayanin wannan a kan allo har a gaji bai kama ba. Ranar da ya ji ta da kunnensa bayan ya gan ta da idonsa, ba ya bukatar a sake faɗa masa. Majigi kuma, da aka zo kansa, sai ya zama ba baƙo ba, tun da hotuna ne a jere, 24 cikin daƙiƙa a silima, ga sauti yana rakiya.

Har ila yau akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, ita ce yadda kuskure ke tona kansa. Wanda ya yi kuskure a lissafin lambobi sau da yawa bai san ma ya yi ba, domin lambar ƙarya da ta gaskiya kamanninsu ɗaya. Wanda ya yi kuskure a hoto kuwa zai ga fuskar ƙanwarsa ta koma koriya, ko rabin hoto ya gyaru rabi yana nan yadda yake, nan da nan ya san inda zai duba. Kuskuren kansa wani lokaci yakan fi abin da aka nufa kyau, ɗalibi ya ajiye shi. Aikin da ya fi shahara a kwas ɗin shi ne wanda ake ce wa ɗalibi ya ɗauki hoto guda ya fito da shi sau da yawa a kan shafi ɗaya, kowanne da irin sauyin da ya yi masa, sa'an nan a baje ayyukan inda 'yan aji za su gani. Ba a faɗa wa kowa hoton da zai zaɓa ba. Masu binciken kwas ɗin sun ba da labarin ɗaliban da suka riƙa wuce abin da aka nema, suna ƙara sa'o'i a kan aikin da an riga an cika sharaɗinsa, don kawai suna son ya fito yadda ransu ke so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ba ya jin ƙyashin hawa ya gyara.

Sakamako bai ɓoyu ba. A fannonin nan da a da ba a kai rabi ba, masu cin jarrabawa suka haura kashi 80 cikin 100. Wasu makarantu suka ɗauki tsarin, har da jami'o'i a Shikago da San Diyego, Guzdial da Barbara Ericson kuma suka rubuta littattafan koyar da shi. Yaran dai su ne na jiya, ƙwaƙwalwarsu ba ta ƙaru cikin dare ɗaya ba. Ƙofar da ake shigar da su ce aka sauya.

Ba a rasa masu suka ba. Akwai waɗanda suka ce wannan wasa ne da hotuna, an sassauta karatu ne don a faranta wa ragwaye rai. Amsar da ke gare su ita ce umarnin maimaitawa da na sharaɗi da jerin lambobi duk suna nan ba a cire ko ɗaya ba, sai ma aka ɗora su a kan lambobi dubu ɗaruruwa maimakon goma. Amma akwai wata suka mai nauyi, wadda shi malamin da kansa ya fito da ita. A shekarar 2013, bayan kwas ɗin ya cika shekara goma, ya zauna ya auna burin da aka fara da shi da abin da bincike ya nuna. Ya tarar hujja mai ƙarfi ce ke nuna ɗalibai sun daina gudu suna kuma tsallakewa. Amma fatan da aka yi cewa kwafar aiki za ta ragu saboda sabon tsari bai sami abin da zai tsaya a kai ba, haka nan bai iya tabbatar da cewa waɗannan ɗalibai sun fi na tsohon tsari zurfin fahimta ba, kuma kwas guda bai isa ya mai da mutum ma'abocin kwamfuta ba. Ya rubuta wannan ya gabatar a gaban taron masana. Malamin da ya yarda ya tuhumi darasin da ya gada, ashe ya yarda ya tuhumi wanda ya ƙirƙira ma.

In an bi salsala, haɗa hoto da sauti da kwamfuta ya girmi wannan kwas nesa ba kusa ba. A shekarar 1957 wani injiniya mai suna Russell Kirsch ya shigar da hoto cikin kwamfuta ta hanyar mai da shi lambobi, ɗigo 176 a kwance da 176 a tsaye, hoton da ya zaɓa kuwa na jaririn ɗansa ne. A wannan shekara dai Max Mathews na ɗakin binciken kamfanin Bell ya rubuta umarnin da ya sa kwamfuta ta fitar da sautin kiɗa. A 1967 Seymour Papert da abokansa suka fito da harshen Logo domin yara, wanda daga baya aka san shi da ɗan kunkurun da yaro ke ba umarni ya yi tafiya yana zana layi. A 2001 Casey Reas da Ben Fry suka ƙirƙiro Processing domin masu zane. Abin da Guzdial ya ƙara shi ne ya ɗauko wannan hanya ya kai ta babban ajin jami'a, inda ɗaruruwan mutane ke zaune ba don sun zaɓa ba, ya kuma tsaya ya ƙirga abin da ya biyo baya. A 2018 ya koma Jami'ar Mishigan, ya ci gaba da neman hanyoyin koya wa ɗaliban wasu fannoni wannan ilmi.

Yau kusan kowane saurayi da budurwa a biranen ƙasar nan suna yawo da waya cike da hotuna da saƙonnin murya, watau kayan aikin wannan darasi suna cikin aljihunsu. Harshen Python kyauta ne, kwamfuta 'yar madaidaiciya ta isa. Ga kuma wani dalili da bai kai haka ƙarfi a 2003 ba: hotunan jabu da muryoyin ƙarya sun yawaita, ana sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, ana ajiye shi inda bai taɓa zuwa ba, jama'a kuma suna yaɗawa. Wanda ya taɓa cire bango daga bayan hotonsa da umarni layi shida, ko ya yanka muryarsa ya sake jera kalmomin, ba zai ƙara ɗaukar hoto ko faifan murya a matsayin shaidar da ba ta ƙarya ba. Ko da bai sake rubuta wa na'ura umarni ba har abada, wannan kaɗai guzuri ne.

Saura ga malaman da ke koyar da wannan fanni a jami'o'i da kwalejojin fasaha da makarantun sakandare, musamman inda ake tara ɗaliban kowane sashe a ba su darasin kwamfuta na dole. Ba lalle sai sun kwafi abin da aka yi a Atlanta ba, gama kowane gari da irin abin da yaransa suka damu da shi. Abin kwaikwayo shi ne matakai biyun da malamin nan ya bi. Na farko, a rarrabe sakamakon jarrabawa sashe-sashe, a ga su wane ne ke faɗuwa a ƙarƙashin jimillar da ke da kyan gani. Na biyu, a kira waɗannan ɗin a tambaye su abin da suke so su yi da na'urar, tun kafin a rubuta darasin mako na farko.